Ranar da Aka Binne Baffa Ina Legas

Mu goma sha ɗaya muka tafi Legas a cikin bas ta haya. Kujerun baya muka loda musu kayan wasa: fartanya biyu, sandar kiwo, malfa, guga, da wata rijiya ta kwali da muka shafa wa fenti. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa garin Lafiya ba, kuma a cikinmu mutum ɗaya ne ke da ita, shugaban ƙungiyarmu, wani malamin sakandare da kowa ke ce wa Darakta.

Ni a lokacin aikin buga takardu nake yi a wani ofishi. In an tashi sai in wuce unguwar Akurba, inda muke gwajin wasan kwaikwayo a wani ajin firamare bayan yara sun watse. Gidanmu makiyaya ne da suka zauna wuri ɗaya a wajen ƙauyen Ashige, ana kiwo ana ɗan noma. Baffa, mahaifina, bai taɓa hana ni wasa ba, bai kuma taɓa tambayata me ake yi a can ba. In na je gida yakan tambayi aiki, ya tambayi yadda ake sayar da dusa a gari, sai ya koma sauraron rediyonsa.

Wasan da muka tafi da shi na maƙwabta biyu ne, manomi da makiyayi, suna rigima a kan rijiya ɗaya, kowa na cewa kakansa ne ya haƙa ta. Darakta ya juya mana abin: ni ɗan makiyaya na fito a manomi, abokina kuwa, wani tela ɗan ƙabilar Tibi da iyayensa ke noman doya, shi ya fito a makiyayi. A Lafiya wannan kaɗai ya isa a yi dariya, don kowa ya san mu. Tela bai iya riƙe sanda ba, ni kuma in na ɗaga fartanya sai ka ce zan kori maciji.

A Legas an sauke mu a wata unguwa da gidajen wasa suke kusa da juna. Ban taɓa ganin irin haka ba. Duk bangon da ka duba fosta ce a kan fosta. Nan ana wasa da Yarbanci, can da Turanci, a wani babban zaure kuma ana wani wanda daga farko har ƙarshe waƙa ce da rawa, da makaɗa zaune a ƙasan dandamali. Mutane na bin layi su sayi tikiti kamar yadda muke bin layin kananzir. Mu an ba mu ƙaramin zaure, kwana huɗu, kullum ƙarfe huɗu na yamma.

Ranar farko ta tafi daidai. Ba su yi dariya a wuraren da muka saba ba, suka yi a wuraren da ba mu zata ba, musamman in Tela ya sako Turancin buroka. Amma sun tafa.

Washegari da hantsi muna shan shayi a ƙofar masauki, Darakta ya fito da wayar a hannu. Ya tsaya a kaina, bai zauna ba.

"Yayanka ne," ya ce. "Daga shagon waya yake kira. Ka karɓa."

Hamma ne, babban wana. Muryarsa na yankewa tana dawowa. Ya ce Baffa ya fita duba shanu da safe, ya dawo ya ce kansa na juyawa, ya kwanta a inuwa, bai tashi ba.

"An yi masa wanka," ya ce. "Bayan azahar za a kai shi."

"Ina Legas, Hamma."

"Na sani. Don ka sani ne na kira."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ya ce amin. Ina jin hayaniyar titin Lafiya ta cikin wayar, har da hon na 'yan achaba. Sai layin ya katse.

Na miƙa wa Darakta wayarsa, na ƙarasa shan shayina. Na tuna sarai cewa na ƙarasa shi, har na tsame burodin da ya nutse a ƙasan kofi.

Darakta ya ce in haɗa kayana, za a raka ni tasha. Na zauna na yi lissafin hanya. Ko a lokacin na tashi, sai washegari zan isa. Kafin nan an riga an rufe shi, masu gaisuwa sun fara zuwa suna tafiya. Babu kuma wanda ya haddace maganar manomi sai ni.

"Zan tsaya," na ce.

"Ba dole ba ne. Mu soke na yau."

"A bari a yi."

Tela ya matso kusa da ni a kan benci. Hausarsa irin ta kasuwar Lafiya ce, ba ruwansa da namiji ko mace. Ya ce, "Aboki, ka tafi gida. Mamanka yana bukatarka." Na ce masa Inna tana da mutane. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya tashi ya je ya goge mini rigar wasa, abin da bai taɓa yi ba.

Da aka kira azahar na yi salla a bayan zaure, tsakanin tulin kujerun roba. Na san daidai lokacin ne ake ɗauke da shi zuwa bayan gari. Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Abin da kawai na lura da shi shi ne tabarmar da aka ba ni tana warin fenti.

Ƙarfe huɗu aka buɗe labule. Na fito da fartanya a kafaɗa, na faɗi maganata duka, ban tsallake ko kalma ba. Akwai wurin da manomi ke dafa bakin rijiya yana kuka, yana cewa ubansa a nan ya sha ruwa na ƙarshe kafin ya mutu. Kukan ƙarya ne a cikin wasan, yana yi yana leƙen ko alƙalin da ke shari'ar rijiyar na kallonsa. Na yi shi yadda na saba. Zauren ya ɗauki dariya. Da na ɗago sai na ga Tela ya tsaya riƙe da sanda, bakinsa a buɗe, ya manta abin da zai ce. Ni na raɗa masa, ya ci gaba.

Bayan an tashi wata mata mai gilashi ta zo bayan dandamali ta ce da Turanci ba ta taɓa ganin mai ban dariya kamar ni ba. Na gode mata.

Sauran kwana biyun haka suka wuce. Da safe ba mu da aiki, kuma an ba mu takardar shiga kowane wasa kyauta, sai na riƙa shiga ina zama. Na kalli na Yarbanci ban ji ko kalma ba. Na kalli mai waƙa da rawar nan sau biyu. Labarin wata yarinya ne da ta zo birni neman ɗan'uwanta. Fitilu na canza launi, 'yan rawa na shiga suna fita, matar da ke kusa da ni tana share ido da gefen gyalenta. Ni kuwa ina ƙirga fankokin da ke rufin zauren, uku ba sa juyawa. In an kunna wuta mutane sun miƙe, sai in miƙe tare da su. Abinci ma ina ci, barci ina yi. 'Yan ƙungiya suka daina hira in na shigo ɗaki, ni kuma na rasa yadda zan ce musu su ci gaba.

Muka dawo Lafiya ranar da Baffa ya cika kwana huɗu da rasuwa. Ban tsaya ɗakina ba, na hau achaba zuwa Ashige. Akwai sauran mutane a kan tabarmi a ƙofar gida. Na bi su ɗaya ɗaya muka gaisa. Wani dattijo ya tambaye ni ko aikin gwamnati ne ya riƙe ni. Kafin in buɗe baki Hamma ya ce eh, aiki ne.

Shi ya raka ni makabarta. Ƙasar ta fara bushewa, an jera ƙaya a kai saboda dabbobi. Muka tsuguna muka yi addu'a. Hamma na ta jan hanci. Ni ina kallon wasu tururuwa suna jan ƙwayar dawa. Da muka miƙe ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da ka taho a ranar, da mutane sun ga ka taho." Na ce haka ne. Har yau kuma bai sake tayar da maganar ba.

Inna tana cikin ɗaki, ta lulluɓe, wasu mata biyu na gefenta. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta. Ta ce in shigo. Ta sa aka kawo mini fura, ta zuba mini ido har na sha rabi.

"An ce wasa kuka je yi," ta ce.

"Eh, Inna."

"Mutane sun zo?"

"Sun zo."

"To, madalla."

Ta gyara lulluɓinta. Na zaci za ta yi maganar Baffa, ko yadda abin ya faru, sai ta ce jar saniyar nan tana ɗingishi tun shekaranjiya, kofatonta ya kumbura, Hamma kuma ba zai iya barin masu gaisuwa ba. Ta ce in na koma gari in sayo maganin da ake wanke musu ƙafa da shi.

Na yi shekara biyu a ƙungiyar bayan wannan, har ta watse da kanta, lokacin da kowa ya koma kallon fim a gida. Ban sake zuwa Legas ba. Mutane kan ce irin wannan kuka yakan zo daga baya, a wurin da ba ka zata ba. Ni dai bai zo mini ba, kuma na daina jiransa.

A ranar da Inna ta aike ni, da yamma na koma Lafiya, na tarar mai shagon maganin dabbobi yana shirin rufewa. Na faɗa masa abin da ke damun saniyar. Ya ba ni kwalba, ya nuna mini yadda ake haɗawa da ruwa, murfi biyu a bokiti ɗaya. Na sa ya maimaita don kar in manta.