Takardun Yaya Bilki

Ni matsoraciya ce tun fil'azal. Ko kaza ce ta buɗe fiffike sai na ba ta hanya. To sai Allah ya haɗa ni da kaka irin Inna Tabawa, wadda in ta kwaikwayi muryar dodo har karnukan maƙwabta sai sun amsa. A wani ƙauye kusa da Gwaram muka tashi. Kullum in an sauke tuwo, kafin a kira isha'i, sai mu kewaye murhu tana gasa mana gyaɗa a garwashi, tana ba mu tatsuniya, tana tsokanata wai na cika ido kamar mujiya.

Yaya Bilki ta girme ni da shekara uku. Ƙyanda ce ta tafi da idanunta tun tana ƙarama. Tare Baba ya sa mu a wata Islamiyya ta kuɗi, kuma a hadda babu mai kamo ƙafarta. Amma da aka kai ajin rubutu, shugaban makarantar ya ce ba su da malamin da ya san yadda ake koyar da irinta. Shi ke nan ta dawo zaman gida.

Ana haka aka turo Malama Rabi daga Birnin Kudu, mai bin gida-gida tana koyar da yaran da lalura ta zaunar. Duk Alhamis ɗan acaba zai sauke ta. Ta kawo wa Yaya wani allon ƙarfe mai ramuka, da ɗan tsinke kamar basilla, da takardu masu kauri. Yaya ta wuni tana huda takarda, ƙwas, ƙwas, tana shafawa da ɗan yatsa tana murmushi ita kaɗai.

Da Baba aka yi maganar karatun, shi kuwa direba ne, yana hanyar Kano, Umma kuma ta tafi wankan gida. Babu wanda ya zaunar da Inna ya yi mata bayani. Ranar da take kakkaɓe shimfiɗa ta ga takardun a ƙarƙashin matashin Yaya: ba tawada, ba bismilla, sai huji. A wajenmu kuwa abin da aka sossoke da allura aka cusa ƙarƙashin kan mutum sunansa ɗaya, sammu.

Da yammar nan ba a gasa gyaɗa ba. Inna ba ta ko jira mun amsa mata buɗin tatsuniya ba, ta fara da murya ƙasa-ƙasa.

Wai wata baƙuwa ce mai fara'a ta sauka a wani gari, da allura soke a ɗankwalinta. Duk yaron da ta gani sai ta tambayi sunansa, ta tsinko ganye, ta huda. Kowane huji kwana ɗaya ne daga cikin kwanakin yaron. Iyaye suna ta yi mata godiya saboda tana wasa da 'ya'yansu, yara kuwa suna ta ramewa. Ranar da ganye ya cika da huji, sai a wayi gari mai ganyen ya bushe ƙayau a kan tabarma. Yarinya ɗaya ce ta tsira, ita ma don ƙanwarta ta sace ganyen ta jefa a wuta.

"Ba duk mai yi maka dariya ke son ka ba," in ji Inna. "Wata allurar ba ɗinki ta zo yi ba, ku ji da kyau."

Yaya ta yi dariya ta ce, "Kai Inna, yau kuma da wa kike?" Ni kuwa shekarata tara, amma na gane ko wace ce baƙuwar, na kuma gane ko wace ce ƙanwar. Na tuna takardar da na gani a hannun Yaya da rana, saura layi biyu ta cika.

Da Inna ta tashi alwala na lallaɓa ɗaki, na kwaso takardun duka na watsa su a murhu. Wallahi a raina ceton rai na yi.

Yaya ta ɗaga hanci. "Takarda ce ke ci," ta ce. Sai ta miƙe tsaye. "Hadiza, wace takarda ce?"

Kafin in ankara ta durƙusa ta cusa hannun dama cikin wutar tana lalube. Ba ta yi ihu ba, ni ce na yi. Inna ta jefar da buta ta fizgo ta, amma ta riga ta damƙo wata takarda mai ci, ta ƙi saki. Har yau in na ji ƙaurin takarda sai gabana ya faɗi.

Ran Alhamis Malama Rabi ta zo ta tarar da hannun a naɗe. Na ɓuya bayan rumbu ina jiran ta zare allura. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a tabarmar Inna, ta ce, "Inna, ki faɗi duk abin da kike so." Sai Inna ta karanto addu'ar da take yi mana in za mu kwanta. Malama ta huda addu'ar a takarda, ta miƙa wa Yaya. Da hannun hagu, tana tuntuɓe, Yaya ta harhaɗo farkon addu'ar. Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba sai ranar.

Na daɗe ina jin haushin Inna. Sai da na haifi nawa na gane tsoro ne ya yi mata yawa: ciwo ya riga ya karɓe mata idanun jika, ba za ta zuba ido baƙuwa ta karɓe sauran ba. Ta ga abin da ba ta sani ba, ta sa masa sunan abin da ta sani, ta miƙo mini, ni kuma na aikata. Mu biyu da muka fi kowa son Yaya, mu muka cuce ta.

Yanzu Yaya Bilki ita ke bin gidaje a Kangire da Surko tana koyar da rubutun makafi. Duk gidan da ta shiga, wajen tsohuwar gidan take fara zama, ta ɗora mata takarda a tafin hannu, kafin ta ko tambayi sunan yaron. Wani lokaci nakan raka ta. Ba ta taɓa tayar da maganar daren nan ba, ni ma na kasa.

Amma nakan kalli hannunta in tana karatu. Da hagu take bin layi, a hankali, ba saurin da sauran malamai suke yi. Manunin dama kuwa ya warke sumul, sai dai ba ya jin huji ko ɗaya. A ɗage take riƙe shi sama da takardar, kuma ni na san dalili.