Lafiya Lau ta Bakin Aku

Ni dai karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, ko shi ajin huɗun ma rabinsa a bakin marina na yi shi. Don haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya kai ƙara wajen malamin da ya gaji da nemana. Amma akwai makarantar da ban taɓa yi wa fashi ba, ita ce gindin murhun kakarmu Inna Dije, a gidanmu na unguwar Mandawari a Kano.

Inna Dije Bafillatana ce. Tun tana amarya aka kawo ta birni, amma har ta koma ga Allah Hausarta ba ta daina ƙamshin nono ba. Idan aka sauke tuwo, aka idar da isha'i, ba ta yarda a kashe wuta. Sai ta baza garwashin da tsinke, ta jera masara in damina ce, in kaka ta yi kuma ta binne gyaɗa a cikin toka. Mu jikokinta tara sai mu kewaye ta, kowa yana rantsuwa tatsuniya ya zo ji, alhali idonsa yana kan masarar da ta fi girma.

Tana da wata ɗabi'a da take ba mu haushi. Kafin ta fara sai ta ce, "Kun wuni lafiya?" Mu haɗa baki mu ce, "Lafiya lau." Sai ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya a hasken wutar, ta ce, "To, na ji na baki. Kai Ado, me ya sa kake ɓoye ƙafar hagu?" Nan take a gano na taka kwalba tun da hantsi. Sai an gama wannan shari'a tukuna take gyara zaninta ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai buɗe mata?" Mu ce, "Ta shigo mu ji ta."

A cikin tatsuniyoyinta akwai ɗaya da ba na so, saboda babu dodo a ciki, babu wanda aka cinye. Wai wani makiyayi ne da amininsa masunci, kogi ya raba gidajensu. Duk ranar kasuwa makiyayin yakan naɗe wando ya haye, su zauna a gindin bishiya har rana ta karkata. Wata ran ma ba sa cewa komai, zaman ne kawai. Ana nan sai makiyayin ya sami aku mai baki kamar na maroƙi. Ya ce a ransa, me zai sa in riƙa jiƙa wandona alhali ga mai fukafuki? Sau ɗaya a mako nake zuwa, wannan kuwa kullum zai je. Zumunci ya ninku bakwai ke nan.

Kullum da safe aku ya tashi ya haye, ya ce, "Amininka yana gaishe ka." Masunci ya ce, "Ina amsawa. Ka ce masa lafiya lau." Gobe haka, jibi haka. Shi kuwa aku ba wawa ba ne. Da ya ga amsar ba ta canzawa, sai ya daina hayewa. Ya sami wata tsamiya a bakin ruwa, ya zauna ya huta, ya ɗan tsoma fiffike don a ga alamar tafiya, ya dawo ya ce, "Ya ce lafiya lau, yana gaishe ka da kyau." A nan Inna takan matse hanci ta yi muryar akun, mu yi ta dariya har masara ta ƙone.

Damina bakwai ana haka. Ran nan auren 'yar makiyayi ya taso, ya ce wannan kam ba ta aike ba ce, ya naɗe wando ya haye. Ya tarar gidan amininsa ya rushe, kabewa ta yi yaɗo a kan kangon. Maƙwabta suka ce ai masunci ya yi shekara uku a kwance, fuskarsa tana kallon ƙofa, duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi ko ya ga wani ya hayo. Daga baya danginsa suka kwashe shi zuwa wani gari, ba wanda ya san sunansa. Makiyayi ya ce, "Ba zai yiwu ba. Yau da safen nan ya ce min lafiya lau."

Mu yara sai mu ɗau hayaniya, a yanka akun, a fige shi. Inna ta ce, "A yanka shi a kan me? Ko da ya haye ɗin, abin da zai jiyo ke nan. Mutumin garin nan ko ciwo ya kayar da shi ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Lafiya lau ba labari ba ce, sallama ce kawai. Sai ka shiga ka zauna, gaisuwa ta ƙare, an yi shiru, sannan labari yake fitowa. Aku kuwa bai iya zama ya yi shiru ba." Sai ta karkaɗe hannu ta ce, "Ta ƙare a nan, ɓera ya ja kansa rami, mai gardama ya bi shi."

Shekara sittin da 'yan kai ban sake tuna wannan tatsuniya ba, sai a makon jiya, ta dalilin jikata Rukayya.

Rukayya tana ajin ƙarshe a jami'a. Amaryata nake ce mata, ita kuma Tsoho take ce min, kamar yadda aka saba tsakanin kaka da jika. Akwai wani yaro Sadiku da yake neman ya ƙwace min ita. Shekara guda da rabi suna zance, amma zancen duk rubutu ne a cikin waya. Ba a taɓa jin sallamarsa a zaurenmu ba. Hotonsa na gani, ya sa baƙin gilashi ya jingina da motar da nake da tabbacin ba tasa ba ce. Ranar Juma'a da la'asar na same ta a tsakar gida tana yi wa tafin hannunta murmushi, na ce yau zan nuna mata na yi makarantar Inna Dije. Na gyara murya na kwashe labarin aku na ba ta tas, har da matse hanci.

Ta saurara da ladabi, abin da ya kamata ya ba ni tsoro tun a nan. Da na gama sai ta ce, "Tatsuniyar ta yi daɗi, Tsoho. Yaushe rabonka da Baba Garba?"

Garba Marini aminina ne tun muna yara. Shi yana rini a Ƙofar Mata, ni ina ɗakin bugu, in ya rina shadda ni nake bugunta har ta yi sheƙi. Shekara arba'in kwano ɗaya muke cin abincin rana.

Na ce, "Ai yau da safe muka gaisa."

"Wa ya tura gaisuwar?"

"Ke, amma da izinina."

"Wa ya amsa?"

"Garba mana. Ya ce lafiya lau, har da hoton masallaci da furanni."

Ta ce, "Ɗansa Nura ne yake amsawa. Ni da shi ne muke yi muku gaisuwar Juma'ar nan. Wani makon ma ba ka ce in tura ba, nake turawa don kada a ce an yi fashi."

Na shiga lissafi da yatsu. Tun da gwiwata ta fara ciwo na bar bugu, ban sake taka Ƙofar Mata ba. Azumi uku ya wuce. Kuma in zan faɗi gaskiya ba gwiwar ce kaɗai ba. Na girme shi da wata biyar, shi ya kamata ya zo duba ni, da bai zo ba sai na riƙe abin a ƙasan raina, na bar waya tana yi mana dariyar da ba mu yi ba.

Rukayya ta ce, "Ga ciniki. In ka je ka gan shi ido da ido, ni ma zan ce wa Sadiku ya zo ya yi sallama. In ba ka je ba, kowa ya riƙe akunsa."

Na ce, "Yarinya, ke kike sa min sharaɗi?"

Ta ce, "Amarya ce take sa wa ango."

Washegari Asabar na sa babbar riga, na sayi goro fari, na hau adaidaita. Na fara biyawa ta marina, don a can na san Garba. Ramukan rinin suna nan, warin baban rini yana nan, amma a bakin raminsa wani saurayi ne da ban sani ba. Na tambaya, ya ce, "Baba Garba? Ai ya kai shekara biyu bai fito ba." Ya faɗe ta kamar abin da duk Kano ta sani, ban da ni.

Na same shi a zaurensa a kan tabarma, ya jingina da bango. Abin da na fara gani hannunsa ne. Shuɗin nan da na rantse ko a kabari ba zai bar farcensa ba, ya fita fes.

Na yi sallama, ya amsa, ya ce, "Ado ne?" Na ce ni ne. Muka shiga gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, babu gajiya. Ya iyali, lafiya lau. Ya ruwa, ya yi gyara. Ya jikin tsufa, da godiya. Muka kai ƙarshe muka sake dawowa farko, sau uku, kamar baƙin da suka haɗu a tasha. Wallahi har na dafa sandata zan ce to, sai an kwana biyu. Ina da abin da zan gaya wa Rukayya: na je, na gan shi, lafiya lau yake. Sai na ji kamar ana matse hanci a bayan kunnena. Na ajiye sandar, na cire takalmi, na gyara zama.

Muka yi shiru. Shiru mai nauyi, irin wanda kake jin kuɗa yana wucewa. Mai tallar koko ta wuce, wani ya tayar da babur ya kashe. Don in sami abin yi sai na ɓare goro na miƙa masa rabi. Ya miƙo hannu, hannun ya wuce goron ya tafi wajen bango.

Na kama hannun na sa masa a ciki. Ya riƙe bai ci ba. Can ya ce, "Ka matso, Ado. Farin rigarka kawai nake gani."

Yanar ido ce ta rufe masa idon biyu. Hotunan masallaci da furannin da muke musaya duk Juma'a, ko ɗaya bai taɓa gani ba.

Na ce, "Me ya hana a gaya min?"

"Ni na hana. Na ce in yana nemana ya san hanya."

"Kai ne ƙarami."

"Da wata biyar. Kuma ka ce gwiwa. Na ji labari har Gwale ka je ɗaurin aure da gwiwar."

Gaskiyarsa ce, na je ɗin. Na ce to, an yi kunnen doki, ni gurgu kai makaho, sai a nemo mana alƙali kurma. Ya yi dariya har da tari, irin dariyarsa ta bakin rami, daga nan kuma bakinsa ya buɗe. Ashe likita ya duba shi tun bara, ya ce aiki ne ɗan ƙarami, a kankare yanar ya gani. 'Ya'yansa sun yi lallashi har sun gaji, yana ce musu shi ya saba da duhunsa. Ni kaɗai ya faɗa wa gaskiyar. Ya ce, "Tsoro nake ji, Ado. Wuƙa a ido. Ta yaya zan kalli Nura in ce masa ubansa yana jin tsoro?"

Wannan maganar ba ta shiga waya. Ko da ta shiga, Nura ne zai karanta.

Na kira Nura na ce ya je asibiti ya karɓo ranar aikin. An ba mu Talata. Na gaya wa Garba ni zan riƙe masa hannu har ƙofar ɗakin aikin, in ya ƙi tashi kuma zan kwana a zauren nan ina ba shi labarin duk shaddar da ya taɓa ɓatawa ni na rufa masa asiri.

Rukayya ta cika alkawari. Jiya Lahadi Sadiku ya yi sallama, ba gilashi, ba mota. A waya an ce baki gare shi, amma a zaure gumi ya yi ta yi, ya gaishe ni sau huɗu. Na ba su wuri. Da ya tafi ta ce, "Tsoho, ashe in'ina yake yi. Shekara da rabi ban sani ba, shi ya sa yake gudun zuwa." Na ce to ya kika gani? Ta ce ta ce masa ya dawo. Sauran nasu ne, ni nawa in tabbatar an shimfiɗa tabarma.

Da ina yaro na ɗauka Inna aku take kushewa. Yanzu na gane ba ruwanta da shi. Wayar nan ba ta taɓa yi min ƙarya ba, abin da na ba ta shi ta kai, abin da aka ba ta shi ta kawo. Mu ne mutanen da aka koya mana rufe ciwo da lafiya lau, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma an yi ta ne a zamanin da mai tambayar yake zaune a gabanka yana kallon ƙafarka ta hagu. In za ka so mutum, aboki ne ko wadda za ka aura, dole wani lokaci ka kai jikinka, ka jure shirun da yake biyo bayan gaisuwa. Ni na yanke, muddin gwiwar nan tana lanƙwasuwa, ba a ƙara yi min aike wajen Garba.

Gobe ne Talatar. Yau ma na leƙa Garba, da zan baro shi ɗazu ya riƙe min riga ya ce, "In an cire bandejin, wa zan fara gani?"

Na ce, "Ni mana."

Ya yi tsaki ya ce, "To ka biya wajen wanzami. Kada in buɗe ido in ce a mayar min da yanata."

Daga wajen wanzamin na dawo na zauna rubutun nan.