Taken Marigayi a Cikin Keke Napep

Shekarun baya, lokacin da nake da 'yar rumfa a gefen kasuwar Azare ina sayar da littattafan addini, ina kuma kwafar waƙoƙin wa'azi da ajami, na yi wani aboki makaɗin garaya, mutumin Chinade. Mutane suna mamakin zamanmu, ni da tawada shi da tsirkiya. Nakan ce musu ba kiɗan nake saurare ba, hira kawai muke yi. Allah Ya yafe mini, ƙafata dai takan motsa a ƙarƙashin riga.

Abokin nan nawa yana da wa, maharbi, ɗan farin mahaifiyarsu. Shi ya yi wa wan nasa take, wato ɗan gajeren kiɗan da in an kaɗa kowa ya san da wa ake. Mahaifiyarsu, wadda ni ma nake kira Inna, ba ta taɓa kiran sunan ɗan nan ba saboda kunyar ɗan fari. Amma in ta jiyo taken daga bayan gari, ta san an dawo daga farauta lafiya, sai ta tashi ta ɗora tukunya.

Da wan ya rasu bayan gajeriyar jinya, sai aka bi al'adar gidansu: take yana bin mai shi. An naɗe shi ke nan, ba a sake kaɗa shi ko a biki ko a ɗaka. Abokina ya riƙe wannan shekara da shekaru.

Wata rana muna zaune a rumfata sai wani keke napep ya tsaya sauke fasinja, lasifikarsa na tashi. Sabuwar waƙar samari ce, ta rawar biki, ta fara da kiɗan jita. Na ga abokina ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

Ya ce, "Malam, ka ji abin da na ji?"

Na ce ni duk kiɗan zamani ɗaya nake jin sa.

Ya ce, "Taken Yaya ne."

Kafin wata ya ƙare waƙar ta cika gari. Tana wayar masu acaɓa, tana shagon masu caji, 'yan mata suna rawa da ita a gidan biki. Ba a daɗe ba ta isa Chinade, kuma tsofaffin da suka san taken suka gane shi. Magana ta tashi cewa abokina ya sayar wa yaran birni taken ɗan'uwansa. In ba shi ba, wa ya san shi haka?

Inna ta ji. Ba ta yi faɗa ba. Ya je gaishe ta, ta ce, "Na ji yayanka yana rawa a kasuwa." Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa. Hatsin da yake kai mata duk mako, sai ta sa a mayar masa da shi ƙofar ɗakinsa. Ya rantse mata, ta juya fuska. Mutumin da ya haura hamsin ya zauna a rumfata yana share hawaye da bakin hula.

Ya ce, "Malam, zagin gari bai dame ni ba. Kada dai tsohuwar nan ta tafi tana fushi da ni."

Muka yi tambaya har aka nuna mana inda aka yi waƙar, wani ɗan shago da aka liƙe bangonsa da katifa. Mai jitar saurayi ne siriri, ya durƙusa ya gaishe mu da ladabi. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya riƙe baki.

"Wallahi Baba, Chinade ban taɓa kwana ba, wucewa kawai nake yi. Ina zaune a nan yatsuna suka faɗa kansa."

Ya ce shi jita a waya ya koye ta, wajen wasu Turawa masu dogon gashi. Ya kunna mana. Ni dai abin da na ji kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Ya kunna na wata ƙungiya, ya sake kunna na wata, ya ce mu lura da farkonsu. Ko ni da ba ni da kunne na ji sun yi kama.

"Kun gani? Su ma rigimar da suke yi ke nan, wannan ya ce wancan ya sace masa. Baba, tsirkiya shida ce kawai. Dole wata rana a yi karo."

Abokina ya ce, "Taka shida, tawa biyu. Duk faɗin nan ka rasa inda za ka taka sai kan kabarin yayana?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. Can ya ce in zuwansa zai yi amfani, zai je ya gaya wa Inna da bakinsa cewa ba wanda ya sayar masa da komai. Aka ce ni ma in je, wai za a fi yarda in an ga mai rawani. Ranar kuwa ban da rawanin ba abin da na tsinana.

Muka hau acaɓa bayan azahar, saurayin da jitar katako a bayansa. Muka tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ta amsa gaisuwata, ta amsa ta baƙo, ɗanta kuwa kamar ba ya wurin. Saurayin ya yi bayaninsa, ya rantse. Ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, "Rantsuwa na sha ji. Kaɗa in ji."

Ya kaɗa, shi kaɗai, babu ganga babu ihun lasifika.

"Sake. A hankali, ba kora ake yi ba."

Ya sake. Ta daina tsintar waken. Sannan ta ce, "Ba shi ba ne. Farkon dai shi ne. Amma nasa a ƙarshe sauka yake yi, kamar mutum ya iso gida ya ajiye kaya. Wannan hawa yake yi."

Na ce alhamdulillahi a raina, na ɗauka an gama. Sai na ga hawaye yana bin fuskarta.

Ta ce, "Ni da nake fita ƙofar gida da yamma ko wani mai babur zai wuce da shi. Ina fushi, ina kuma jira. Ashe ma ba shi ba ne."

Sai ta dubi ɗanta, karo na farko tun da abin ya faru. "Na janye maganata. Ɗauko garayarka."

"Inna, an naɗe shi."

"Ni na haife shi. Ni na ce ka kaɗa."

Ya shiga ya ɗauko. Ya ɗaure tsirkiya, ya fara. Farkon ya fito tsaf. Da ya zo ƙarshe, sai yatsansa ya hau. Ya tsaya, ya sake, ya sake hawa. Ya gwada saukarwa ta nan, ya gwada ta can, kowanne sai ta girgiza kai ta ce, "Ba haka ba." Shekaru bai taɓa shi ba, ga watanni yana jin na saurayin safe da yamma, har sabon ya kwanta a kan tsohon. Ya ce ta rera masa, ta ce ita in ta ji ta sani, amma ba ta taɓa ɗaukarsa a bakinta ba. Ina za ta rera taken ɗan fari?

Suka juyo gare ni, don na taɓa rubuta wa abokina kirarin da ke tafiya da taken. Na karanto musu shi da ka, ban bar kalma ba. Amma alƙalamina kalmomi ya san riƙewa, bai san inda tsirkiya take sauka ba. Saurayin ya mayar da jitarsa cikin jaka yana ta ba da haƙuri, alhali ba wanda ya ce ya yi laifi.

Daga ranar Inna ta koma cin hatsinsa, tana sa masa albarka. Duk zuwan da zai yi sai ya gwada mata wani ƙarshen, ita kuma ta ce ya bari, Allah Ya sani. Da damina ta kewayo ta rasu. Waƙar kuwa tun kafin nan an daina yayinta.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Mun tafi neman ɓarawo ba mu samu ba, kuma duk da haka an yi asara. Har yau ban san wanda zan ɗora wa ba, na bar wa Allah. Abin da na gode masa shi ne ta tafi tana amsa gaisuwar ɗanta.

Abokina ya rataye garaya, noma yake yi yanzu. Yakan biyo ta wurina ranar kasuwa mu sha shayi. Wani lokaci muna cikin hira sai in ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, su yi tafiyarsu tsaf, su zo wani wuri su tsaya. Sai in ƙara masa shayi.

Allah Ya jiƙan Inna da ɗan farinta.