Ɗan Sarkin Baka Ya Busa Bindiga

A Kuala Lumpur ba wanda ya san Zulkiflu da bindiga. Da kwalaben ƙasa aka san shi. Malamin kwalejin noma ne da gwamnati ta turo ƙarin karatu, yana auna jar ƙasa da baƙa, ya rubuta abin da kowace take so. Shi da matarsa Barira da 'yarsu Khaulah suna hawa na goma sha bakwai a wani bene a Bukit Jalil. Mutum ne marar yawan magana, in ya idar da salla yakan daɗe a zaune yana kallon tafin hannunsa.

Amma a gida, a Tungar Maje, ɗan Sarkin Baka ne, shugaban maharban garin. Bai kai shekara goma ba uban ya ɗora masa bindigar toka a kafaɗa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna da tsinken ƙarfe, a harba sau ɗaya, a sake ɗuri. Abin da aka fara koya masa ba saiti ba ne, busa ce. In ka harba, sai ka juyo bakin bindigar ka busa ciki har hayaƙi ya fita ta ƙasa, don kada wani tartsatsi ya maƙale ya kama sabon albarushi a hannunka. Akwai wani maharbi a garin mai yatsu biyu a hannun dama, shi ake nuna wa yara. Sau ɗaya Zulkiflu ya manta, marin da ya sha ranar har ya girma yana jin ƙararsa.

A shekararsa ta uku a Malesiya, da damina, 'yan bindiga suka shigo gonakin Tungar Maje a kan babura da hantsi. Sarkin Baka ya harba sau ɗaya. An sami gawarsa a gindin ɗorawa, bakin bindigar kusa da leɓensa, albarushi a zube a kan cinyarsa. Zulkiflu yana cikin jirgin ƙasa na cikin gari wayar ta same shi. Ya wuce tasharsu da tasha huɗu bai sani ba.

Bayan wata shida yayansa Shafi'u ya kira. Ya ce jami'in da ke rajistar 'yan sa-kai a yankinsu ya yi musu alkawarin bindigogin zamani guda biyu, amma sai in akwai ɗan garin da ke da takardar horo a kan irinsu.

"Kai ne a ƙasar takardu," in ji Shafi'u. "Mu nan kowa ya iya harbi, ba wanda ya iya nuna shaida. Ka ga gonakin ƙetaren rafi bana ba wanda ya taka su. Ka taho mana da ita, Zulki."

Saura wata biyu ya gama ya koma. Maƙwabcinsa Nahum, mutumin Filato mai aikin kwamfuta, shi ya samo masa wani kulob na maharba a bayan gari, inda ake koya wa farar hula riƙon bindigar zamani Asabar uku a jere, a ba da takarda a ta ƙarshe. Nahum ma ya rubuta sunansa, ya ce nasa ƙauyen bai fi na Zulkiflu kwanciyar hankali ba.

Barira ba ta hana ba. Ta dai ce, "Abban Khaulah, ƙasa aka turo ka aunawa." Ya ce ƙasar ce ba a iya zuwa a noma. Ta zuba masa ruwa a gora.

Mai koyarwar wani tsoho ne gajere, Encik Hamdan, wato Malam Hamdan da yarensu, da usir a wuya. Ranar farko bai bar kowa ya taɓa harsashi ba sai da ya tara su su goma sha biyu a ƙarƙashin rumfar kwano ya faɗa musu doka. Bakin bindiga ba ya kallon mutum, ko da harsashi ko babu, ko wani ne ko kai kanka. Wanda ya karya sau ɗaya ya gama, kuma sunansa ba ya sake shiga littafin kulob ɗin. Ya sa kowa ya maimaita.

Bindigar baƙa ce, ba nauyi, ba ta dukan kafaɗa kamar ta Baba. Abin da ya fi damun Zulkiflu shi ne ba ta jira. Ka taɓa kunama ta amsa, ka sake taɓawa ta amsa. Ranar ya ƙirga a ransa sau nawa uban zai harba a tsakanin busa da ɗuri da yana riƙe da irinta, ya kasa cin abincin rana.

Asabar ta biyu aka koya musu harbi a tsugune, da tafiya daga bayan wannan ganga zuwa waccan, da sauya gidan harsashi ba tare da an kalle shi ba. Sauran duk ma'aikatan ofis ne da 'yan kasuwa, abin nishaɗi ne a wurinsu, suna ɗaukar hoto. Nahum kuwa ƙasa ya riƙa harbi a gaban takardar saitin.

"Malam, ni dai in ɓarayin suka zo ta ƙarƙashin ƙasa, ka bar ni da su," in ji shi.

"Gyaɗar mutane za ka ƙarar," in ji Zulkiflu.

"Kai kuma da kake ta huda rami ɗaya, rowa ce? Takardar ba taka ba ce, ka yaga ta ko'ina mana."

Encik Hamdan ya ɗaga takardar Zulkiflu ya leƙa rana ta cikin hudar, ya tambaye shi ko ya taɓa aikin soja. Ya ce a'a, mahaifinsa maharbi ne. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "Boleh, Encik Zul," wato ya iya.

Asabar ta uku ita ce jarrabawa. An yi ruwa da safe, ƙasar filin ta yi ja, tana wari irin na gonar da aka yi wa huɗa. Da aka zo kan Zulkiflu ya bi gangunan ɗaya bayan ɗaya, ƙarfen da aka kakkafa yana faɗuwa kamar ana kaɗe mangwaro. Na ƙarshe yana can nesa a gindin tudu. Ya tsuguna, ya riƙe numfashi yadda aka koya masa tun yana yaro, ya harba. Ƙarfen ya kwanta. Mutanen rumfa suka fara tafi.

Wani siririn hayaƙi yana fita daga bakin bindigar. Zulkiflu ya miƙe, ya dire gindinta a ƙasa, ya juyo bakin ya kai leɓensa, ya busa.

Usir ɗin ya yi ƙara. Tafin ya tsaya. Encik Hamdan ya zo a hankali, ya karɓi bindigar da hannu biyu, ya zare gidan harsashin, ya ja ƙarfen gefe. Harsashi ɗaya ya faɗo cikin jar ƙasa. Da ma akwai saura a ciki.

Nahum ya yi ta bayani, ya ce al'adar maharbansu ce, ya ce a dubi takardunsa na makonni biyu. Tsohon ya saurara har ya gama. Ya ce ya yarda, kakansa ma yana da irin wannan bindigar a ƙauye. Ya ce amma takardar cewa take mutum ba ya yin abin da Encik Zul ya yi yanzu a gaban mutum goma sha biyu, shi kuwa ba zai sa hannu a kan ƙarya ba. Zulkiflu bai roƙa ba. Ya cire abin toshe kunne ya ajiye a kan tebur, ya yi godiya.

Suka shiga mota suka dawo gari. Nahum ya tsaya ya yi wa Khaulah tapau, wato ƙunshin tsaraba, na soyayyar ayaba, don kada su shiga gida hannu biyu. Barira ta dubi hannun mijinta, ta dubi fuskarsa, ta shimfiɗa masa darduma.

Bayan la'asar ya kira Shafi'u.

"Yaya, ban samo ba."

"Saitin ne ya ƙi?"

"Saiti ya yi. Busawa na yi."

 Ana jin kukan akuya ta wayar, da muryar mata suna daka.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji Shafi'u. "To, sai mu ci gaba da ɗura namu."

Zulkiflu ya koma gida da takarda ɗaya, ta ƙasar noma. Yana koyarwa a kwalejinsa har yanzu. Gonakin ƙetaren rafi damina biyu ke nan ba a shuka su ba, sabara ta rufe su. Bindigar uban tana rataye a ɗakin Shafi'u, kuma in ya je garin ba ya taɓa ta.