Yadda Maganar Taki Ta Raba Ni da Amaryata

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin maƙwabcina ya riga ni.

Ina da jika mace tana sakandare a Kazaure. Tun tana goye nake kiranta amaryata, ita kuma tana ce mini ango mai furfura, irin wasan jika da kaka. Da ta zo hutu garinmu Roni bara, sai na ga amarya ta canza gida. Kullum bayan la'asar ta ɗauki littafin lissafi ta nufi zauren maƙwabcina, tsohon malamin makaranta, har da kai masa fura. Ni da na yi aji huɗu cur a firamare, ko tambaya ba a yi mini.

Ran nan na tare ta na ce a kawo aikin nan gaban mijin aure. Ta karanta mini, ta fassara: an ce manomi ya yi shuka kuma ya sa taki, ana so a ƙaryata zancen da maganar yau da kullum. Na ce wannan ai ko akuya ta sani: bai yi shuka ba, bai sa taki ba, rago ne. Ta ce Malam ya ce ba haka ba ne, wai ko dai bai shuka ba, ko bai sa takin ba, rashin ɗaya ma ya wadatar.

Na saɓa riga na ja ta har zaurensa, don in kunyata shi a gabanta. Ya saurare ni yana murmushi, sannan ya tambaye ni ko na sa taki a gonata ta hanyar Gwiwa a shekarar. Na ce ina na ga taki da tsadar nan.

"To wanda ya ce ka shuka kuma ka sa taki, ya yi ƙarya?"

Na ce ƙarya tsagwaronta.

"Ashe ba ka shuka ba ke nan, Alhaji. Geron wa ka girbe?"

Yarinyar nan ta yi dariya har da riƙe ciki, a gaban kishiyata namiji.

A hanyar gida na tattara sauran girmana na kafa mata doka: idan ta sake taka zauren nan, na sake ta. Ko waiwaye ba ta yi ba.

"Na ji, ango. Ka ce idan na koma ka sake ni. Ba ka ce idan na zauna za ka iya lissafin ba."