Bargon da Inna Kulu ta ɗinka sau biyu

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar kakata Inna Kulu, wadda ta haifi babanmu. Ba mu saba yin taro don tunawa da ita ba, kowa addu'a yake yi mata a inda yake. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon shi ne rigimar da ta taso tsakanina da yayana, Alhaji Bello, a kan wani tsohon bargo da ta bari. Shi yana so a ƙone shi. Ni kuma na ce sai dai bayan raina.

Bargon ba abin kallo ba ne, ban ɓoye muku ba. Ƙyallaye ne aka harhaɗa, guntun saƙi nan, farin ƙyallen sawaye can, ga baƙin rini da ya koɗe har ya koma kalar toka, an jera su rufi uku an bi da ɗinkin hannu. Nauyinsa kuwa sai wanda ya ɗauka. A gidanmu na Kalgo babu aikin da bai yi ba. Da shi ake lulluɓe mai jego da jaririnta, da shi ake rufe masakin daddawa don ta yi ɗumi ta nuna, shi ne labulen ƙofa in asabari ya lalace. In masassara ta kama mutum shi ake jibga masa har ya yi gumi. Baƙon da ake ganin girmansa kuwa, shi ake ninkawa a ɗora masa a kan tabarma.

Duk wanda ya ɗaga shi a rana zai ga ƙananan hudoji a jere kusa da ɗinkin, sawun allura da babu zare a ciki. Labarin waɗannan hudojin ne Yaya ba ya so a ji.

Inna Kulu baiwa ce. Na rubuta kalmar, kuma hannuna bai karye ba. An kawo ta Gwandu tana ƙarama, ko sunan ƙauyensu ba ta riƙe ba. Ta tashi a wani gida da mata ke kaɗi maza ke saƙa, ita kuma shara da daka da ɗaukar ruwa. A cikin sharar take tsintar ƙyallen da aka zubar, ta wanke, ta ɓoye. Da lokacin sanyi a kan tabarma tsura take kwana, shi ya sa ta fara haɗa su. Shekaru ta yi tana wannan aiki, dokarta guda: ba ta taɓa ƙyallen da ba a riga an jefar ba.

Tana budurwa Turawa suka karɓe ƙasar. Sannu a hankali magana ta bazu cewa bawan da ya kama hanya ba mai ikon kamo shi. Wasu suka sulale a ɓoye. Inna ta ce ita ba ɓarauniya ba ce da za ta gudu, don haka da hantsi ta je ta durƙusa gaban uwargida ta ce za ta tafi. Inna ba ta taɓa ce mana matar muguwa ce ba, ta dai ce ko tsinke ba ya fita gidan ba da saninta ba. Uwargida ta ce ga hanya nan, amma bargo kayan gida ne, a ajiye shi.

Inna ta shimfiɗa shi a tsakar gida, mata suka taru.

"Uwargida, gwada min ƙyalle guda wanda ba ku yas da shi ba, in cire in ba ki."

Uwargida ta duba sama ta duba ƙasa, ba ta samu ba. Sai ta sa farce ta tsinci bakin ɗinkin.

"Tsumma naki na. Zaren hwa? Audugar gidan ga ta."

Kuma gaskiya ta faɗa. Inna ce ta kaɗa zaren da hannunta, amma audugar daga gonar maigida ta fito. Kowa ya ɗauka ko ta bar bargon, ko ta fasa tafiyar. Sai ta nemi gindin bango ta zauna ta fara warware shi da tsinin allura. Kwana uku tana yi. Ba ta yarda ta tsinka zaren ba, kada a ce ta ɓata musu kaya. Ta naɗe shi tsaf a jikin sillen kara, ta ajiye a gaban uwargida, ta ɗora allurar a kai don ita ma tasu ce. Ta ƙulle ƙyallayenta a ɗan zane, ta bi ayarin masu jakuna har Kalgo, inda ta ji wata baiwar gidan da ta baro ta riga ta sauka.

A Kalgo ta bi gonaki bayan an gama cirar auduga tana kala. Ta gurza, ta kaɗa, ta yi wa wata mata daka aka ba ta allura, ta sake ɗinke bargon daga farko. A nan kakanmu, wani masunci, ya gan ta ya aure ta, kuma ya san komai kafin ya aura. Mu ma ba ta ɓoye mana ba. Tana ba da labarin tana dariya, tana kwaikwayon yadda uwargida ta saki baki.

To yanzu ga inda aka tsaya. Nana, 'yar Yaya, ta haɗu da wani yaro a jami'ar da aka gina mana nan Kalgo, suna son juna, kuma iyayensa mutanen Gwandu ne. Yaya ya zo ya same ni a zaure, ko zama bai yi ba.

"Kai ka cika taurin kai. Tsumma na hwa! In mutanen nan sunka ji labarinai, ɗiyata ka ja ma."

Ba na raina tsoronsa. Na ga auren da aka fasa saboda tsofaffi sun yi ƙus-ƙus sun ce asali bai yi ba, a gidajen da ake sallah sahu ɗaya da mu. Amma na ce masa wuta ba ta cin abin da ya riga ya faru, kuma tsofaffin unguwarmu sun san labarin ko da bargo ko babu. Abin da ƙonawar za ta tabbatar guda ne, cewa mu jikokinta muna jin kunyarta. Wannan kuwa ba da ni ba. Ya fita yana huci, tun ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta leƙo yau. Bargunan kanti masu santsi da muke saye, waɗanda damina biyu ke gamawa da su, na san tsaki za ta ja. Nana kuwa da littattafanta, sai ta yi guɗa har maƙwabta sun fito. Amma Yaya, wanda ta goya da wannan bargon lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da shi, ban san da wane ido za ta dube shi ba. 

Na ga bai kamata mu biyu mu yanke wa yarinya hukunci tana gefe ba, sai na aika aka kira Nana. Ashe ba ta taɓa jin labarin ba, ko sau ɗaya. Wannan ya ƙona mini rai fiye da maganar wutar. Na ba ta shi daga farko har ƙarshe. Ta daɗe tana shafa bargon, hawaye na zuba, don tana son yaron nan ba da wasa ba. Can ta ɗago.

"Bappa, in za su hwasa sabadda wanga, gara su hwasa tun yanzu. Ka hwaɗa musu."

Inna Kulu ba ta bar gona ba, ba ta bar hoto ba, kabarinta ma ya baje har ba na iya nuna shi da tabbas. Abin da ya rage nata shi ne wannan hali, na mutumin da ya fita daga gidan bauta ba tare da zaren kowa a jikinsa ba. Na zaci a kaina ya ƙare, sai ga shi na ji shi a bakin yarinyar da ba ta taɓa ganinta ba. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

A al'adarmu baffa ne ke karɓar masu neman aure, don haka gidana mutanen Gwandu za su zo, ba gidan Yaya ba. Sun sa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ban san da wace amsa za su koma ba. Amma na riga na sa an wanke bargon an shanya. A kansa za su zauna.