Taubashina Ya Ci Mini Kare da Sunan Wasa

Taubashina ne ya kashe mini kare. Bai ɗaga sanda ba, amma shi ne, kuma har gobe dangi cewa suke wasa ne.

A lokacin ina noma a Madadi, in rani ya yi kuma in tafi farauta. Boko a firamare na tsaya, ba ni da abin taƙama a duniya sai karen nan, Ƙyale-su. Tun yana ɗan kwikwiyo na koya masa fito. Ko zomo ya tasa a gaba, in na yi fito zai bar shi ya dawo ya tsaya a ƙafata. Tsofaffin mafarauta sun sha ce mini in dandaƙe shi, na ƙi, don a ganina dandaƙaƙƙen kare ba shi da zuciya. In wata karya a unguwa ta fara neman barbara, sai dai in ɗaure shi a turke, ya yi ta kuka, ya ƙi tuwo, har ta gama. Amma a daji ban taɓa sa masa igiya ba.

Kowa ya san dokar farauta: ba a zuwa da karya mai neman barbara. Ranar da muka haɗu da mutanen Kara a wani daji wajen Kabo, ba a riga an saki karnuka ba, sai ga taubashin nawa, ɗan goggona, a kan babur da karyarsa mai neman barbara. Ya kwance ta yana dariya, ya ce yau zai ga fiton da nake cika baki da shi. Karnuka suka ruɗe a igiyoyinsu, karya ta tsorata ta zura da gudu, nawa da ke sake ya bi ta. Na yi fito har leɓena ya bushe, na kira sunansa, mutane na ta ƙyaƙyata dariya. Ya waiwayo, wallahi ya waiwayo ya dube ni, sannan ya wuce.

Na bi sawunsu har wani ƙauye. Ashe ya shiga ne harshe a waje, baki duk kumfa saboda gudu, mata suka yi ihun mahaukacin kare, maza suka fito da sanduna. A bayan wani rumbu na same shi, ƙugu a karye. Na tsuguna na yi masa fito a hankali, ya motsa kunne, shi ke nan. Ita karyar ta koma gida lafiya lau.

Tun ranar ban sake shiga daji ba. Manya suka ce ba a fushi da taubashi, kuma kare bai kai a yanke zumunci a kansa ba. Mai kare namiji, ka ji daga bakina: duk biyayyarsa, in ya shaƙi warin nan ba ya jin ka. Ko ka dandaƙe shi, ko ka riƙe igiya.

Bayan damina muka haɗu da taubashin nawa a kasuwar Gwarzo, ya tare ni yana washe baki, wai karyarsa ta haihu, in zo in zaɓi kwikwiyo, sai dai wannan karon in koya masa jin magana. Na dube shi a gaban mutane na ce: “Riƙe abinka. Goggo dai goggona ce har in mutu, amma ni da kai babu sauran wasa. In ka gan ni, ka yi sallama ka wuce.”